Tsuntsuwar da Na Ɓoye a Jaka

Yadda Yaya Nura ya ajiye kofin shayinsa ne ya fara gaya mini na yi ɓarna. Mijin yayata Hadiza ne, kuma tunda na sauka Doha maganata ba ta taɓa faɗuwa ƙasa ba sai ya ɗauke ta ya tsokane ni da ita. Ran nan ko murmushi bai yi ba. Tambayar da na yi masa kuwa 'yar ƙarama ce. Cewa na yi, "Yaya Nura, wai a ina ake samun ƙasa a garin nan? Ko'ina siminti. Tsuntsuwa nake so in binne."

Bai kalle ni ba. Jaririnsu da ke saɓe a kafaɗata ya kalla.

"Wace tsuntsuwa?"

"Wadda na tsinto jiya a bakin teku. Ba ta da lafiya, na kawo ta in yi mata magani, to kwana ya ƙare."

"Tana ina?"

"Baranda."

"Zulaihat," in ji shi, shi da bai taɓa kirana da komai ba sai Zulai ko Sarkin Tsuntsaye, "miƙa wa Hadiza yaron. Yanzu."

Tunda na dawo Kano ba ku bar ni na huta ba. Kin ga 'yan ƙwallo? Da gaske jirgin ƙasansu ba direba? Me kika kawo mana? Ni kuma sai in nuna muku hotunan dogayen benaye in shige da wata maganar. Wasunku har sun ce na yi girman kai. Ba girman kai ba ne. Idan na ɗauko labarin da baki muryata rawa take yi, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, kowa ta karanta, a bar ni.

Ba ƙwallo ce ta kai ni ba, jego ne. Yaya Hadiza ta haihu a farkon Disamba, haihuwar fari, a ƙasar da ba uwa ba kaka. Mijinta yana karatun digiri na uku a fannin injiniya, kullum yana makaranta. Umma ce ya kamata ta je, ƙafarta ta hana. Sai aka ce ga Zulai zaune tun da ta gama sakandare, ta je. A lokacin kuma an sassauta shiga ƙasar saboda gasar kofin duniya, Yaya Nura ya cike mini komai ta waya. Ni da ko Kaduna ban taɓa zuwa ni kaɗai ba.

Umma ta cika mini jaka da kuka, da daddawa, da yajin jego, da kanwa, da garin kunu. Kayan sawata kala biyar ne, sauran nauyin duk na miya ne. A cikin jirgi na zauna kusa da wata Hajiya mai kai kaya, wadda ta koya mini ɗaura bel, ta cinye burodina da nata, sannan ta yi barci a kafaɗata har muka sauka. Ni ban runtsa ba. Takunkumi biyu na saka, ɗaya kan ɗaya, duk da rabin mutanen jirgin sun daina sakawa. Zan gaya muku dalili.

Babanmu ya rasu lokacin kullen korona. Zazzaɓi da tari, kwana biyar, shi ke nan. Ba a gwada shi ba, har yau ba wanda zai iya cewa ga abin da ya ɗauke shi. Shi ne mai tantabaru a gidanmu, ni ce 'yar aikensa. A hannunsa na koyi gane wadda ba ta da lafiya tun daga tsayuwarta, da yadda ake buɗe baki a ɗura ruwan barkono da tafarnuwa, da yadda ake kife ɗan tsako da ƙwarya a yi ta bugawa har ya farfaɗo. Da Yaya Hadiza ta haifi namiji aka mayar masa da sunan Baba. Shi ya sa muke kiransa Abba.

A filin jirgin Doha wani mai farar jallabiya ya ce in cire takunkumi in kalli wani ɗan gilashi. Na kalla, ya buga hatimi, ko sunana bai tambaya ba. Wajen duba kaya ne na sha kunya. Aka buɗe jakar Umma, daddawa ta gaishe da kowa. Ma'aikacin ya ja da baya ya toshe hanci, ya ɗaga ƙullin kanwa yana juyawa. Turancina ya gudu. Na nuna bakina, na nuna ciki, na yi alamar jariri. Ya kira wata mata, ta shinshina, ta yi dariya, ta ce, "Yalla, yalla," ta zuge jakar da sauri. Wallahi ba don ta gane ba ne, don warin ya tafi ne.

Gidansu yana Mansura, tsohuwar unguwa mai cunkoso, hawa na uku. Ɗaki ɗaya da falo, da 'yar baranda da ake shanya. Ni a falo nake kwana. Maƙwabtan dama 'yan Bangaladash ne, na hagu 'yan Filifin, kuma wata guda na yi ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce ina kwana. A gida mai jego ba ta rasa 'yan barka har ta gaji. A nan sai waya. Wankan jego ma abin dariya ne: ba itace, ba tukunya, ba ganyen darbejiya. Hita ake kunnawa a tara ruwan zafi a bokiti, in tsoma tawul in yi ta gasa mata jiki, tana ihu, Umma tana waya tana cewa, "Bai yi zafi ba, da ya yi zafi da ba ta iya magana ba."

Ƙwallo kuwa ta taga na gan ta. Duk ranar da Maroko ta ci, titi ya rikice da ham ɗin motoci da tuta, Abba ya firgita, ni in yi ta jijjiga. Jirgin ƙasan na hau sau uku, kuma da gaske ne ba direba. Na leƙa gaba da idona, yara ne zaune a inda ya kamata ya zauna. Abincinsu shinkafa ce mai kayan ƙamshi da kaza a kai, ba yaji ko kaɗan, sai na barbaɗa na jego. Shayinsu mai kauri da suke kira karak ne kaɗai na ce da ma a gida ake yi. Juma'a ce ranar hutunsu, Lahadi kowa ya tafi aiki. Wannan ya daɗe yana rikita mini lissafin kwanaki.

Cikin 'yan barka ƙalilan da suka zo akwai Dakta Bilkisu, 'yar Zariya, malama ce a jami'a. Anti Bilki muke ce mata. Ta same ni ina marmasa wa kurciyoyi burodi a taga, ina gaya wa Yaya Hadiza wanne ne namiji wacce ce mace.

"Ke ta yaya kika sani?"

"Ai a wuya ake gani, Anti. Kuma namijin ya fi rawar kai."

"Ko a tsuntsaye?" Ta yi dariya. "Hadiza, ki ara mini yarinyar nan ranar Juma'a. Ƙirgar tsuntsaye za mu fita."

Na ɗauka wasa take. Ashe duk shekara idan sanyi ya shigo, tsuntsaye suna gudowa daga ƙasashen ƙanƙara su sauka a bakin tekunsu, mutane kuma su sa rana guda su fita su ƙirga su. Ba aikin gwamnati ba ne, ba biyan su ake yi ba, sa kai ne. Da na gaya wa Umma sai ta ce, "To idan kun ƙirga, raba muku za a yi?"

Ranar Juma'ar, Abba yana da kwana talatin da biyu. Anti Bilki ta ɗauke ni bayan sallar asuba. Ban taɓa zaton ƙasar Larabawa tana sanyi haka ba. Iskar teku har cikin ƙashi. Mun tarar da mutum goma sha wani abu a tsaye, Turawa, Indiyawa, wata Balarabiya da ɗiyarta, kowa da madubin hangen nesa rataye a wuya. Shugabansu wani dattijo ne Ba'indiye, Mista Tomas, mai sayar da magani a kanti. Ya raba mu biyu-biyu, ya yanka wa kowa yankinsa, daga wannan fitila zuwa waccan. Duk a safiya ɗaya ake yi, in ji Anti Bilki, don kada tsuntsun da aka ƙirga a nan ya tashi a sake ƙirga shi a can. Aka ba ni takarda da wani ɗan ƙarfe da ake latsawa, sak carbin nan na yatsa.

Sannan Mista Tomas ya ɗaga yatsa. Anti Bilki ta fassara mini kalma-kalma: ƙirgawa kawai, ba a ba su abinci, ba a taɓa su. Idan kin ga matacce ko marar lafiya, ki ɗauki hoto daga nesa ki kira shi. Sau uku ya faɗa. Na ji. Ba zan yi muku ƙarya in ce ban ji ba. A raina cewa na yi, tsirfar masu karatu ce, mutanen da ba su taɓa riƙe kaza ba. Ni da na tashi da kashin tantabara a ƙafa.

Aikin kansa ya yi mini daɗi fiye da yadda zan iya faɗa. Na ga balbela, na ga zalɓe, na ga alhudahuda yana tono a ciyawa kamar a bayan makarantarmu. Na ga wasu masu dogayen ƙafafu, launin hoda, tsaye cikin ruwa kai a ƙasa, har sai da na ce subhanallahi da ƙarfi. Da muka iso garken wasu fararen tsuntsayen teku masu jan baki, na fara ɗaya, biyu, uku, suka motsa, na rikice. Anti Bilki ta ce ba haka ake yi ba: ki ƙirga goma, ki riƙe girmansu a idonki, sai ki yi ta aza wannan goman a kan sauran. Na ce ai haka Baba yake yi idan tantabaru suna kan rufi. Na riga ta gamawa. Ta sake ƙirgawa da madubi, bambancinmu huɗu. Ta kira Mista Tomas ta gaya masa, ya dafa ƙirji ya ɗan rusuna mini. Kaina ya yi girma. Ina ganin wannan rusunawar ce ta ƙarasa ni.

Wajen ƙarfe tara Anti Bilki ta koma mota ɗauko ruwa. Na gangara kan duwatsu in leƙa ko akwai waɗanda suka ɓuya. Can na gan ta. Ɗaya daga cikin fararen nan ce, ta ɗan fi tantabara girma, a kwance tsakanin duwatsu biyu, fiffike a sake, ido rabi a rufe. Na matsa, ba ta tashi ba. Ta buɗe baki ba sauti.

Na san idan na kira Mista Tomas hoto za a ɗauka a rubuta a takarda. Ni kuma a gidanmu ba a tsallake abu mai rai yana neman ruwa. Hannuna ya riga tunanina. Na ɗauke ta, ba nauyi, ƙashin ƙirjinta kamar wuƙa. Na lulluɓe ta da gefen hijabina, na zura ta a jakar da na zubo fulas, na bar zif a buɗe kaɗan. Ko a ɗan ƙarfen ƙirgar sai da na latsa mata lamba, na ce ai ita ma tana cikin garken. Har Anti Bilki ta sauke ni a Mansura jakar tana kan cinyata, ban ce uffan ba.

Yaya Nura ya tafi masallaci, Yaya Hadiza tana wanka. Na shimfiɗa kwali a baranda. Na daka tafarnuwa da barkono na jiƙa, na buɗe bakinta da yatsu na ɗura. Na guntsi ruwa na fesa mata a fuska, bakina dab da nata. Ba ƙwarya, sai na kife ta da robar wanki na shiga bugawa. Daga banɗaki Yaya Hadiza ta ɗaga murya, "Maƙwabtan nan yau kuma kiɗa suka samu?" Na yi dariya ban amsa ba. Da na ɗaga robar, tsuntsuwar ta ɗago kai ta kalle ni. Wallahi har hawaye na yi don murna.

Sai Abba ya yi kuka. Na ɗauraye hannu da ruwa zalla, na ɗauke shi, na kwantar da shi a kan hijabin nan dai da na lulluɓe ta da shi. Na sumbaci goshinsa. Na sa masa ɗan yatsana yana tsotsa kafin uwarsa ta fito. Yinin ranar haka na yi ta yi, baranda, yaro, baranda, yaro.

Da safe na same ta a sandare. Shi ne na fito ina tambayar inda ake samun ƙasa.

Abin da ban sani ba, Yaya Nura ya sani. Kawunsa yana da gidan gona, kuma da idonsa ya ga ranar da aka zo da fararen kaya aka kashe kajin gaba ɗaya saboda murar tsuntsaye. Ya ce a wannan sanyin cutar tana yawo a ƙasashe da yawa, kuma tsuntsaye masu ƙaura ne ke ɗauke da ita. Ba kasafai take kama mutum ba, amma idan ta kama ba wasa. Yana magana yana danna waya.

Yaya Hadiza ta karɓi Abba ta ja baya har ta jingina da bango.

"Kin taɓa shi bayan kin taɓa ta?"

Na kalli ƙofar baranda.

"Zulai, da ke nake. Kin taɓa shi?"

"Na wanke hannu."

"Da sabulu?"

Na sunkuyar da kai. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta shige ɗaki ta murɗa mukulli. Ina ji tana tuɓe masa kaya tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta.

Anti Bilki ce ta fara isowa, da takunkumi. Daga bakin ƙofa ta tsaya. "A motata, Zulaihat? A kan cinyarki? Na fassara miki ko ban fassara miki ba?" Na ce ta fassara. Ta buɗe baki za ta ƙara, ta ga fuskata, ta fasa. Mista Tomas ne ya san lambar da ake kira. Kafin azahar mutum biyu suka hawo da fararen kaya tun daga kai har ƙafa. Suka saka tsuntsuwar a leda, ledar a wata ledar, suka haɗa da kwalin, da robar, da hijabina, suka feshe barandar. Maƙwabtan da ba su taɓa gaishe mu ba duk suka buɗe ƙofa suna leƙe. Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya yi ta yi mini tambayoyi, Anti Bilki tana fassarawa. Da aka zo wajen fesa ruwa da baki, ya ce ta maimaita. Ta maimaita. Ya daɗe yana kallona ta cikin gilashin fuskarsa kafin ya rubuta.

Suka ce za a gwada gawar. Kafin nan in nisanci jaririn, kowa ya riƙa auna zafin jikinsa safe da yamma. Anti Bilki ta ce in zo gidanta a Ain Khaled, tana da ɗakin baƙi, tunda ita ma ta shiga lissafi. Na fita daga Mansura ba tare da Yaya Hadiza ta buɗe ƙofa ba.

Ɗakin yana da kyau, gado mai laushi, taga tana kallon bishiyar dabino. Ban ga komai a ciki ba. Anti Bilki tana ajiye mini abinci a bakin ƙofa ta ƙwanƙwasa. Na kira Yaya Hadiza sau bakwai ba ta ɗauka ba. Yaya Nura ne yake turo saƙo, gajere: yaro lafiya, ya sha nono, jikinsa ba zafi. Umma ba a gaya mata ba. Ta kira tana tambayar ko kanwa ta isa, na ce ta isa.

Ranar Litinin na tashi da ciwon maƙogwaro. Na ce ƙishirwa ce. Na sha ruwa, hanci ya fara zuba. Na saka ma'aunin zafi a baki, na cire, na duba, na sake sakawa. Anti Bilki tana bayan ƙofa tana cewa, "Nawa?" Na faɗa mata. Sannan na ji ta tana magana da Larabci a waya, da sauri.

Motar asibiti ce ta zo. Aka shigar da ni ta wata ƙofar baya, aka kai ni ɗaki mai ƙofa biyu, sai an rufe ta farko ake buɗe ta biyu. Duk wanda zai shigo sai ya rufe jikinsa ruf, ido kawai nake gani. Aka zura mini tsinken auduga a hanci har na ji shi a ƙwaƙwalwa, aka ɗebi jini. Ni ba kaina nake ji ba. Lissafi nake: idan ni na fara yau, shi da bai kai kwana arba'in ba, yaushe zai fara? Yatsan da na sa masa a baki na riƙa kallo kamar ba nawa ba.

Da yamma wata nas ta shigo duba ni, ta karanta takardata, sai na ji an ce, "Yarinya, mutuniyar Kano ce ke?"

Na zabura. Hausa ce, amma wata iri, kamar ta tsofaffin da. Sunanta Sista Amna, 'yar Sudan. Kakanta ya taso daga ƙasar Hausa da ƙafa zai tafi hajji, ya tsaya a hanya neman guzuri, guzurin bai cika ba har ya haifi 'ya'ya tara. Ta ce, "Mu har yanzu a hanya muke." Ta tambaye ni abin da ya faru, na gaya mata. Da na zo wajen robar wanki ta tsaya da abin da take yi.

"Kin buga mata ƙwarya?"

"Roba."

"Kakata tana yi! Wallahi tana yi!" Kafaɗunta suna rawa don dariya cikin rigar leda. "Kaico. Likitan nan ya tambaye ni me ya sa mutum zai yi wa tsuntsu ganga, na ce ban sani ba."

Ban san lokacin da na fara ba, sai ji na yi ina gaya mata abin da ko Umma ba ta sani ba. Lokacin kulle, hatsin tantabaru ya ƙare. Baba ya ce a bari, kada kowa ya fita. Na saci jiki na je bayan layi wajen mai awo, cikin turmutsutsu, na auno gero. Bayan mako guda Baba ya kwanta. Shekara biyu da wata takwas ina ɗauke da wannan. Na ce mata, "Sista, na farko na kai masa cuta saboda tsuntsu. Yanzu ga mai sunansa, saboda tsuntsu."

Ba ta ce mini ba haka ba ne. Ta gyara mini bargo, ta ce, "Na farkon ba ki sani ba, kuma ba mai sanar da ke. Wannan kuwa ana dubawa. Ki bari a duba kafin ki yanke wa kanki hukunci." Ta kai bakin ƙofa ta juyo. "Ki ci abincin. Ba daɗi, amma ki ci."

Talata ta wuce ba labari. Zazzaɓin ya sauka da rana ya dawo da la'asar. Yaya Nura ya turo cewa Abba ya yi atishawa sau biyu, sun kai shi an duba, an ce su koma gida su sa ido. Na karanta saƙon nan ya fi sau hamsin. Na yi sallah a zaune. Ban roƙi Allah ya bar ni ba. Abu ɗaya na yi ta maimaitawa, ya bar Abba.

Ranar Laraba da hantsi ina kallon bango na ji ƙofar farko ta buɗe, ta biyu ta biyo baya ba a jira ta farkon ta rufe ba. Wata mata ta shigo, baƙa, doguwa, da wushirya, ba takunkumi, ba safar hannu, ba rigar leda. Na ja bargo na rufe hancina na ce ta fita, ba a shigowa haka.

"Ni ce, yarinya."

Muryar Sista Amna ce. Ban taɓa ganin fuskarta ba sai ran nan. Ta zauna a bakin gadona, ta kama hannuna da hannunta tsirara.

"Khalas, shi ke nan. Naki mura ce, irin ta kowa, iskar teku ce ta buge ki. Tsuntsuwar ma ba ta da cutar. Ƙugiyar kamun kifi suka samu a cikinta da zare, ta kwana biyu ba ta iya haɗiye komai. Yunwa ce ta kashe ta."

Na ji maganar amma ba ta shiga ba. Na ce, "Abba fa?"

"Me zai kama shi? Abin da babu?"

"Ki rantse."

"Wallahi. Amma ki saurare ni," ta matse hannuna, "sa'a kika yi, ba gwaninta ba. Wani karon hoto, daga nesa."

Wayata ta yi ƙara a kan tebur. Sunan Yaya Hadiza ne, karo na farko cikin kwana huɗu. An riga an kira mijinta. Na ɗauka. Numfashinta kawai nake ji, da ɗan gurnanin Abba yana shan nono. Can ta ja hanci ta ce, "Sarkin Tsuntsaye. Idan kin gama hutun ki taho, bayana ya ƙage, kuma kunun da Nura yake damawa ko kare ba zai sha ba."

Daga nesa na ji Yaya Nura yana cewa, "Ki gaya mata a bakin ƙofa zan caje jakarta."

Na ɗaga kai na kalli agogon bangon don in san lokacin. Sha ɗaya da kwata. Hannuna ɗaya har lokacin yana cikin na Sista Amna.